Fawa Sifili da Fawa Mai Mainos: Lissafin da Ke Ɓoye a Cikin Wayar Hannu

A Gyallesu ta Zariya, unguwar da ke cike da ɗaliban makarantar da aka sani da FCE da na ABU Kongo, da wuya a zauna a shagon cajin waya ko wajen mai shayi ba a ji ana musu kan waya ba. Wannan ya ce tasa 6nm ce, wancan ya ce batirinsa 5000mAh, wani kuma yana ƙorafin sabis ya gudu da zarar ya shiga ɗaki. Amma idan aka ajiye wa waɗannan matasa takarda aka rubuta 2⁻³ ko 7⁰ aka ce su faɗi amsa, da yawa sai su yi shiru. Wasu su ce 2⁻³ mainos takwas ne, wasu su ce mainos shida, 7⁰ kuwa kusan kowa zai rantse sifili ne. Duk amsoshin nan kuskure ne.

Kuskuren yana da tsada. Wannan babi yana cikin manhajar lissafi ta JAMB da WAEC da NECO, kuma shi ne ƙofar shiga logaridim da sauran darussan da ke biye da shi. Wanda bai samu kiredit a lissafi ba ya san yadda ƙofar jami'a ke rufewa a gabansa. Ban da jarrabawa, wanda bai gane shi ba zai iya karanta 2.5E-5 a fuskar waya ya ɗauka kuɗi ne masu kauri, alhali ko kwabo ba su kai ba. Wannan darasi zai warware batun daga tushe, sannan ya nuna inda yake zaune a cikin wayar da ke hannun mai karatu.

Mece ce fawa?

A makaranta malamai suna kiran babin indisis, ɗalibai kuma sun fi sabawa da kalmar fawa. Ba fawar mahauta ake nufi ba, ƙaramar lambar nan ce da ake ɗorawa a kafaɗar wata lamba. A cikin 2³, lambar 2 ita ce tushe, lambar 3 kuma ita ce fawa, ana karantawa "biyu fawa uku". Ma'anarsa a jera biyu sau uku ana ninkawa:

2³ = 2 × 2 × 2 = 8

10⁴ = 10 × 10 × 10 × 10 = 10,000

Har nan babu gardama. Matsalar tana farawa ne idan aka tambaya: ta yaya za a jera biyu sau sifili? Ko sau mainos uku? Idan mutum ya tsaya kan ma'anar "a jera sau kaza" kaɗai, zai maƙale. Dole a kalli abin ta wata fuskar, wato a ɗauke shi kamar matakala.

Matakalar naira da kwabo

A ɗauki kuɗin da kowa ya sani. A jera su daga sama zuwa ƙasa:

10³ = 1000, takardar dubu ɗaya

10² = 100, takardar naira ɗari

10¹ = 10, takardar naira goma

Abin lura shi ne duk lokacin da fawa ta ragu da ɗaya, kuɗin yana raguwa ne ta hanyar rabawa da goma. Dubu a raba goma, ɗari. Ɗari a raba goma, goma. To idan aka ƙara sauka taki ɗaya, daga fawa 1 zuwa fawa 0, me za a samu? Goma a raba goma, ɗaya.

10⁰ = 1, naira ɗaya

Matakalar ba ta ƙare a nan ba, domin akwai kuɗi a ƙasa da naira. Tun ranar 1 ga Janairu 1973 da Najeriya ta bar fam ta koma naira, kwabo ɗari ne ke yin naira ɗaya, kuma tsofaffi har yau suna kiran kwabo goma sule. A ci gaba da sauka:

10⁻¹ = 1/10 = 0.1, sule

10⁻² = 1/100 = 0.01, kwabo

Sule ba bashi ba ne. Wanda ke riƙe da kwabo yana da kuɗi, kuɗin ne dai kaɗan. Wannan shi ne abu mafi muhimmanci a darasin gaba ɗaya: alamar mainos a kan fawa ba ta mayar da amsa ƙasa da sifili, ƙanƙantar da ita take yi ta hanyar rabawa.

Haka abin yake da kowane tushe. A gwada da biyu, inda kowane taki ƙasa rabawa biyu ne:

2³ = 8

2² = 4

2¹ = 2

2⁰ = 1

2⁻¹ = 1/2

2⁻² = 1/4

2⁻³ = 1/8

Ke nan amsar tambayar farko, 2⁻³ ɗaya bisa takwas ne, wato 0.125.

Me ya sa fawa sifili ke ba da ɗaya?

Ban da matakala, akwai hujja ta biyu da malamai suka fi so a jarrabawa. Dokar rabawa ta ce idan tushe ɗaya ne, sai a ɗebe fawar ƙasa daga ta sama. Misali 5⁴ ÷ 5² = 5², domin biyar guda biyu na sama sun kashe biyar guda biyu na ƙasa, saura biyu.

Yanzu a raba 5³ da 5³. Ta hanyar doka, 5³ ÷ 5³ = 5³⁻³ = 5⁰. Ta hanyar lissafi kai tsaye kuwa, 125 ÷ 125 = 1. Tambaya ɗaya ba za ta yi amsa biyu ba, saboda haka 5⁰ = 1. Da za a sa 12 ko 900 ko 0.3 a madadin biyar, sakamakon ba zai canza ba, tunda duk lambar da aka raba da kanta ɗaya take bayarwa.

Ga misali daga WhatsApp. Wani ya ɗauki bidiyo ya tura wa mutum uku, kowannensu ya tura wa sababbin mutum uku, haka dai ake ta yi. A zagaye na ɗaya mutum 3 ne suka karɓa, wato 3¹. A na biyu 9, wato 3². A na uku 27, wato 3³. To a zagaye na sifili, kafin a danna tura, mutum nawa ke da bidiyon? Mutum ɗaya, mai wayar da ta ɗauka. Shi ne 3⁰.

Dalilin da ya sa hankali ke karkata ga sifili shi ne an saba da tarawa, inda ake farawa daga babu. Ninkawa kuwa daga ɗaya take farawa. 2³ na nufin a ɗauki 1 a ninka shi da biyu sau uku. 2⁰ na nufin a ɗauki 1 kada a taɓa shi. 2⁻³ na nufin a ɗauki 1 a raba shi da biyu sau uku. Da wannan fahimta guda ɗaya, duka ukun sun zama abu ɗaya.

Dokar fawa mai mainos

A taƙaice dokar ita ce: a⁻ⁿ = 1/aⁿ, muddin a ba sifili ba ce. Hanya mai sauƙi ita ce a juya lambar, sannan a jefar da mainos ɗin.

4⁻² = 1/4² = 1/16

10⁻³ = 1/1000 = 0.001

Idan tushen kansa kaso ne, sai a kifar da shi, na sama ya koma ƙasa, na ƙasa ya koma sama:

(2/3)⁻² = (3/2)² = 9/4

(1/2)⁻³ = 2³ = 8

Wannan misali na ƙarshe ya nuna cewa fawa mai mainos ba kullum take ƙanƙantarwa ba. Idan tushe bai kai ɗaya ba, juyawar tana ƙara masa girma ne. Abin da mainos ke yi a kowane hali shi ne juyawa.

Hujjarta ma daga dokar rabawa take. 2² ÷ 2⁵ = 2⁻³ bisa doka. Kai tsaye kuwa 4 ÷ 32 = 1/8. Amsoshin biyu sun haɗu.

Batun sifili a matsayin tushe

Sifili ita ce lambar da ba ta bin sahu. 0⁻¹ na nufin 1/0, kuma rabawa da sifili ba shi da amsa a lissafi, shi ya sa kalkuleta ke nuna kuskure. 0⁰ kuwa ya raba kan masana. A lissafin sakandare ana cewa ba shi da tsayayyiyar amsa. Manhajoji ma ba su daidaita ba: Python da JavaScript suna ba da 1, Excel kuma yana nuna #NUM!. Ga ɗalibi mai shirin jarrabawa, abin riƙewa shi ne dokar fawa sifili tana aiki ga kowace lamba ban da sifili.

Ɗan tarihi

Ba a wayi gari da wannan tunani dare ɗaya ba. A ƙarni na 12, wani masani haifaffen Bagadaza mai suna Samau'al al-Magribi ya rubuta littafin al-Bahir kan aljabara yana ɗan shekara 19. A ciki ya jera fawoyi a jadawali, ɗaya a tsakiya, masu hawa a gefe guda, masu sauka a ɗaya gefen. A 1484 Nicolas Chuquet na Faransa ya yi amfani da fawa sifili da mai mainos a rubutunsa. A 1544 Michael Stifel na Jamus ya buga jadawalin da ya jera lambobi daga mainos 3 zuwa 6, a ƙarƙashinsu ya sa 1/8, 1/4, 1/2, 1, 2, 4 har zuwa 64, wato matakalar biyu da aka gani a sama. Salon ɗora ƙaramar lamba a kafaɗa ya yaɗu ne bayan littafin René Descartes na 1637, Isaac Newton kuma ya rubuta fawa mai mainos da irin alamar yau a wata wasiƙa ta 1676. Duk ɗalibin da abin ya ɗaure wa kai a mako na farko, ya sani manyan masana ma sai da suka ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin su daidaita shi.

Harafin E a kalkuleta

A buɗe kalkuletar waya a raba 1 da lamba mai girma, misali 1 ÷ 40,000,000,000. Wayoyi da yawa za su nuna 2.5E-11. Harafin E a nan yana nufin "sau goma fawa". Ke nan 2.5E-11 daidai yake da 2.5 × 10⁻¹¹.

Don mayar da irin wannan lamba zuwa yadda aka saba gani, sai a matsar da ɗigo zuwa hagu gwargwadon lambar da ke bayan mainos. 2.5E-5 na nufin a matsar da ɗigo taki biyar, a samu 0.000025. Idan babu mainos, kamar 2.5E5, dama ake matsawa, a samu 250,000. Tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu ninki biliyan goma ce, kuma ƙaramar alama guda ce ta raba su.

Masu harkar kirifto da mayinin su ne suka fi cin karo da wannan. Ƙaramin yankin Bitcoin, wanda ake kira satoshi, shi ne 10⁻⁸ na Bitcoin ɗaya. Wasu tsabobin kuma farashinsu yana zuwa da jerin sifili. A ɗauka tsaba tana kan dala 2.5E-5, mutum kuma ya tara guda 40,000 bayan watanni yana danna waya. Lissafin shi ne 40,000 × 0.000025, wato dala ɗaya tak. Gara a yi wannan lissafi kafin a kashe data da caji, kada sai an gama wahala a gane.

Ƙarfin sabis: me ya sa lambar ke da mainos?

Sandunan sabis da ke saman fuskar waya ba ma'auni ba ne mai tabbas, kowane kamfani da yadda yake zana nasa. Ainihin ma'aunin yana ciki. A yawancin wayoyin Android, irin su Tecno da Infinix da Samsung, ana samunsa a Settings, sai About phone, sai Status ko SIM status. A iPhone ana danna *3001#12345#* a kira. Za a ga lamba kamar -85 dBm.

Wannan lamba fawa ce a ɓoye. Idan aka raba ta da goma, aka ɗora a kan tushe 10, sai a samu ƙarfin siginar da waya ke karɓa a ma'aunin miliwat:

0 dBm = 10⁰ = miliwat 1

-30 dBm = 10⁻³ = 0.001 na miliwat

-70 dBm = 10⁻⁷ na miliwat

-110 dBm = 10⁻¹¹ na miliwat

Layin farko ya nuna amfanin fawa sifili a zahiri. 0 dBm ba rashin sabis ba ne, miliwat guda ne cur, wanda ya fi abin da waya ke samu daga hasumiya nesa ba kusa ba.

Daga nan kuma za a gane dalilin da ya sa -70 ya fi -110 kyau, duk da cewa 110 ta fi 70 girma a ido. A ce wani a Gyallesu ya auna a ƙofar gida ya ga -80 dBm, ya shiga ƙuryar ɗaki mai kaurin bango ya ga -110 dBm. A ido bambancin 30 ne kawai. A lissafi kuwa:

10⁻⁸ ÷ 10⁻¹¹ = 10⁻⁸⁺¹¹ = 10³ = 1000

Siginar ta ragu ninki dubu. Shi ya sa bidiyo ke tsayawa, kira ke yankewa, batir kuma ke saurin ƙarewa, domin waya tana ƙara ƙarfin aikawa don ta isa hasumiya. Mai wannan ilimi zai iya zagaya gida yana aunawa, ya san inda ya dace ya ajiye MiFi ko rauta. Duk ƙarin 10 dBm ninki goma ne, duk ƙarin 3 dBm kuma kusan ninki biyu ne.

Mili, maikuro da nano

Ƙananan haruffan da ke jikin kwalin waya sunaye ne na fawoyi masu mainos:

mili, harafin m, 10⁻³

maikuro, alamar µ, 10⁻⁶

nano, harafin n, 10⁻⁹

Batir mai 5000mAh na nufin 5000 × 10⁻³, wato 5Ah. Wannan yana da amfani ga matafiyi. Kamfanonin jiragen sama suna auna fawabank da Wh, kuma iyakar da aka saba yarda da ita ba tare da neman izini ba ita ce 100Wh. Fawabank mai 20,000mAh a kan bolt 3.7 lissafinsa shi ne 20,000 × 10⁻³ × 3.7 = 74Wh, ke nan bai kai iyakar ba. Mai 30,000mAh kuwa ya kai 111Wh, ya wuce.

Nano ita ce ake gani a bayanin furosesa. Helio G99 da ke cikin wayoyi da yawa masu matsakaicin farashi ana kiranta 6nm, A17 Pro da Apple ya fitar a 2023 kuma 3nm. Nanomita ɗaya ita ce mita ɗaya a raba biliyan. Idan aka ɗauki kaurin silin gashi a matsayin maikuromita 70, wato 7 × 10⁻⁵ na mita, to a cikinsa akwai nanomita 70,000. Sai dai a lura, a yau waɗannan lambobi na 6nm da 3nm sun fi zama sunan zangon fasaha, ba ainihin awon wani yanki na cikin furosesa ba. Abin da suke nunawa shi ne sabon zango yakan cusa ƙarin taransisto a wuri ɗaya kuma ya rage cin batir.

Lokaci da maimaituwa

Ma'aunin Hz na nufin "sau kaza a daƙiƙa". Don sanin tsawon lokacin zagaye ɗaya, sai a ɗora wa lambar fawa mainos ɗaya. Wutar lantarkin Najeriya 50Hz ce, zagaye ɗaya kenan 50⁻¹ = 0.02 na daƙiƙa, wato 20ms. Fuskar waya mai 60Hz tana sabunta hoto duk bayan kusan 16.7ms, mai 120Hz kuma duk bayan kusan 8.3ms, shi ya sa take da santsi a ido. Furosesa mai 2GHz tana bugawa sau 2 × 10⁹ a daƙiƙa, bugu ɗaya yana ɗaukar 5 × 10⁻¹⁰ na daƙiƙa, rabin nanodaƙiƙa.

Masu ɗaukar hoto ma suna amfani da shi ko ba su sani ba. A sashen Pro na kyamara akwai lambobi irin su 1/30, 1/250, 1/1000. Wannan shi ne tsawon lokacin da kyamara ke karɓar haske. Mai son ɗaukar doki yana sukuwa ranar hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Zazzau yana buƙatar kusan 1/1000, wato 10⁻³ na daƙiƙa, don hoton ya fito tsaf. Da 1/30 sai dai ya samu inuwa mai jan wutsiya.

Ga masu koyon rubuta manhaja

Kwamfuta da 0 da 1 take ƙirga, kuma kowane gurbi fawa ce ta biyu. Lambar 13 ana rubuta ta 1101:

1 × 2³ + 1 × 2² + 0 × 2¹ + 1 × 2⁰ = 8 + 4 + 0 + 1 = 13

Gurbin ƙarshe shi ne 2⁰. Da a ce amsarsa sifili ce, da kwamfuta ba za ta iya rubuta 1 ko 3 ko 13 ba, ko wata lamba da ba ta rabuwa biyu.

Bayan ɗigo kuma fawoyi masu mainos ne: 2⁻¹, 2⁻², 2⁻³, wato rabi, kwata, ɗaya bisa takwas. Da su ake haɗa 0.625, wanda shi ne 1/2 + 1/8. Amma 0.1 ba ya haɗuwa daidai ko gurbi nawa aka ba shi, kamar yadda 1/3 ke zama 0.333 ba iyaka a ƙirgarmu ta goma. Shi ya sa idan aka rubuta 0.1 + 0.2 a Python ko JavaScript, amsar da ke fitowa ita ce 0.30000000000000004.

Saboda wannan, ƙwararru ba sa ajiye kuɗi da lamba mai ɗigo, a kwabo suke ajiyewa. Paystack, alal misali, yana karɓar adadin kuɗi a kwabo ne. Mai son cajin naira 5,000 zai tura 500000. Idan ya manta ya tura 5000, naira 50 za a cire, domin 5000 × 10⁻² = 50. Kuskure irin wannan a shagon intanet asara ce kai tsaye.

Darajar kuɗi bayan shekaru

Ga wani amfani da ya shafi aljihu. A ɗauka, a matsayin misali kawai, farashin kaya yana tashi da kashi 25 cikin ɗari kowace shekara. Wanda ya ɓoye naira 100,000 a asusu na shekara biyu, ƙarfin sayensu zai zama:

100,000 × 1.25⁻² = 100,000 ÷ 1.5625 = 64,000

Takardun suna nan yadda suke, amma abin da za su saya ya koma na naira 64,000 a farashin yau. Idan aka sa sifili a madadin shekarun, 1.25⁰ = 1, kuɗin yau darajarsu ta yau ce.

Kurakuran da ke cinye maki

Na farko, ninka tushe da fawa. 2⁻³ ba 2 × (-3) ba ne.

Na biyu, manta baka. 3x⁰ = 3, domin x kaɗai fawar ta hau, amma (3x)⁰ = 1. Haka nan 2x⁻¹ = 2/x, amma (2x)⁻¹ = 1/(2x).

Na uku, rikita mainos ɗin tushe da na fawa. (-2)⁻³ = 1/(-8) = -1/8. Amsar ta zo da mainos ne saboda tushen, ba saboda fawar ba. (-2)⁻² kuwa 1/4 ne.

Na huɗu, -5⁰ da (-5)⁰. Na farko -1 ne, domin ana fara yin fawa kafin a sa mainos. Na biyu 1 ne. Manhajoji ma suna saɓawa a nan: -2**2 a Python yana ba da -4, amma =-2^2 a Excel yana ba da 4. Maganin shi ne a riƙa sa baka kullum.

Na biyar, amfani da dokar ninkawa a wajen tarawa. 2⁻¹ × 2⁻¹ = 2⁻² = 1/4, amma 2⁻¹ + 2⁻¹ = 1.

Misalai irin na jarrabawa

A sauƙaƙa 4⁻² × 4⁵ ÷ 4³. Tushe ɗaya ne, sai a haɗa fawoyi: -2 + 5 - 3 = 0. Amsa 4⁰ = 1.

A nemo x idan 2ˣ = 1/32. Tunda 32 = 2⁵, to 1/32 = 2⁻⁵. Ke nan x = -5.

A nemo x idan 3ˣ⁻² = 1. A rubuta 1 a matsayin 3⁰, sai x - 2 = 0, x = 2.

A rubuta 0.00045 a tsarin goma mai fawa. Ɗigo zai yi taki huɗu zuwa dama kafin ya tsaya bayan 4. Amsa 4.5 × 10⁻⁴.

A lissafa (6 × 10⁻³) × (2 × 10⁵). A ninka 6 da 2, 12. A tara fawoyi, -3 + 5 = 2. Amsa 12 × 10² = 1200.

Gwajin kai

A fara da biro da takarda, sannan a tabbatar da kalkuleta. A yawancin wayoyi, idan aka kwantar da waya ko aka danna maɓallin ƙarin alamomi, za a ga xʸ ko ^.

1. 7⁰ × 3⁻²
2. 10⁻² + 10⁰
3. (1/2)⁻⁴
4. (-3)⁻³
5. A nemo x idan 5²ˣ⁺⁴ = 1
6. A rubuta 0.0000081 a tsarin goma mai fawa
7. A rubuta 3.2E-4 da lambobin da aka saba
8. Ninki nawa -75 dBm ya fi -95 dBm ƙarfi?
9. Wh nawa ne fawabank mai 10,000mAh a kan bolt 3.7?
10. Milidaƙiƙa nawa fuskar waya mai 90Hz ke ɗauka kafin ta sabunta hoto?

Amsoshi: 1) 1/9. 2) 1.01. 3) 16. 4) -1/27. 5) x = -2. 6) 8.1 × 10⁻⁶. 7) 0.00032. 8) Ninki 100. 9) 37Wh. 10) Kusan 11.1ms.

Wanda ya samu takwas zuwa sama zai iya wucewa zuwa fawa mai kaso, irin su 9 fawa rabi, daga nan kuma logaridim, wanda shi ne ginshiƙin ma'aunin dBm da aka gani. Wanda ya samu ƙasa da haka ya koma kan matakalar naira da kwabo, ya rubuta ta da hannunsa, ya maimaita da tushe 3 da tushe 5. Bayan haka ya buɗe wayarsa ya auna sabis a ƙofar gida da cikin ɗaki, ya lissafa ninkin da ke tsakani. Gani ya kori ji.